Lambobin da Na Rage wa Baba

A lokacin ni tela ne a Asata, cikin Inugu, ina zaune gida ɗaya da mahaifina mai sayar da albasa a kasuwar Ogbete. Ni kaɗai na gama sakandare a gidan, don haka duk abin da ya shafi takarda a kaina yake ƙarewa, ni kuma ina ji da kaina. Da aka gano Baba yana da hawan jini, likita ya sa muka sayi na'urar awo, ya ce in riƙa gwada shi safe da yamma ina rubutawa a littafi, mu kai masa duk wata.

Idon Baba ya yi rauni, ba ya ganin lambar, sai abin da na faɗa. Ranar da na ce jinin ya hau, ba zaman lafiya. Zai ƙi abinci, ya fara maganar a mayar da shi ƙauye ya mutu cikin dangi. Mu kuwa an raine mu a kan ba a tarar babba da mummunan labari. Wata safiya na'urar ta nuna ɗari da tamanin, bakina ya ce ɗari da talatin. Baba ya yi hamdala, ya shanye kokonsa, ya hau babur ɗin haya sai kasuwa. Har na yaba wa kaina dabara. Matsalar ita ce yakan kai littafin masallaci abokansa su karanta masa, sai ƙaryar ta bi ni har cikin rubutu. Wata uku ina haka.

Ranar asibiti ta wata na uku aka gwada shi, jinin na sama. Likita ya duba littafina, ya ce akwai waɗanda ganin likita kaɗai ke tayar musu da jini, awon gida shi ne abin dogaro. Ya tambaye ni ko yadda ya koya mini nake yi, na ce e. Baba ya yi ƙorafin yawan ƙwayoyi, likita ya cire masa ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji Baba yana sa mini albarka a gaban mutumin. Kunya ta rufe ni, na yi shiru. Wannan shirun nake nadamarsa fiye da komai.

Bayan makonni, da rana tsaka, Baba ya faɗi tsakanin buhunan albasa, 'yan dako suka kwashe shi zuwa asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. A nan na gaya wa likita gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, ya dai tambayi ainihin lambobin. Ba ni da su, ban taɓa ajiye ko ɗaya ba.

Na ɗauka tausayi nake yi, ashe tsoron ɓacin ransa nake ji, na zaɓi sauƙin kaina. Duk wanda aka ba wa awon jinin wani, don Allah ya rubuta abin da ya gani. Fushin yini ɗaya yana wucewa. Yanzu kullum da safe nakan ɗaga hannun Baba in ɗaura masa na'urar, in faɗa masa lambar yadda take. Kallona kawai yake yi. Da zai iya yi mini faɗan nan na da, da na gode wa Allah.