Haladu Juya

Idan ka shiga Gwaram ka ce Haladu ɗan Barau kake nema, za a daɗe ana kallon bakinka. Ka ce Haladu Juya, ko mai tallar goro zai nuna maka ƙofar gidan.

Asalinsu mutanen ruga ne daga Yalwan Damai. Ubansa ya sayar da rabin garke ya zauna noma, shi kuwa Haladu ya taso da garma da bijimai biyu na huɗa. Bai yi boko ba, allon ma sai a hankali, amma Allah ya ba shi hannu. Duk abin da ya gagari mutane, daga fitila zuwa keke, wurinsa ake kaiwa.

Lokacin da arzikin mai ya zo, Gwaram tana ƙarƙashin Kano. Jiha ta buɗe gidan talabijin nata, aka bi garuruwa ana gina ɗakin kallo, don talaka ya ga shirin noma da na yaƙi da jahilci. Gwaram ta sami akwatin talabijin ɗaya da janareta da benci takwas, aka ɗauki Haladu mai kula da su. Sai dai garin a bakin iyaka yake, Kano ta yi nisa. Eriyar tana kan dogon bututun ƙarfe a bayan ɗakin, iska kaɗan ta taɓa ta sai hoto ya koma tsaki, ko kuwa jama'a su tsinci kansu a Bauchi ba su biya kuɗin mota ba. Don haka da an buɗe tasha bayan la'asar, Haladu na rungume da bututu, na ciki suna ta yi masa "juya, ɗan ƙara, tsaya nan" ta taga. Sunan ke nan da ya bi shi. Shekara biyu yana wannan aiki, ya haddace muryar kowane mai shiri, amma rabinsu da zai gamu da su a kasuwa ba zai gane su ba.

Wata damina masu shirin noma suka zo neman manomi mai shanun huɗa. Wa za a nuna musu in ba shi ba? Suka wuni suna ɗaukarsa a gona, suka ce za a nuna Alhamis ta sama da ƙarfe biyar. Haladu bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so ganin kansa a akwatin nan ba. Ya kafa turaku uku ya ɗaure bututu tamau, ya kwana huɗu yana koya wa Manu tela yadda ake juyawa, ya kuma aika aka zo da mahaifiyarsa, Inna Hapsatu, daga ƙauye. Ran nan ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya zauna a bencin gaba kamar baƙo.

Biyar saura kwata hadari ya taso daga gabas. Iska ta tumɓuke turke ɗaya, Manu ya juya nan ya juya can, sai ga mutanen Bauchi suna wasan kwaikwayo. Haladu yana jin idanun ɗaki duka a ƙeyarsa. Ga tsohuwa ta yi doguwar tafiya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don babba da shi sai da hawaye suka cika masa ido. Ya tuɓe rigar ya ninke, ya fita.

Hannunsa na taɓa bututu Kano ta dawo. Ruwa ya sauko, ɗaki ya kaure da shewa, shi kuma ya ji wata 'yar siririyar murya tana bayanin taki. Ya tambaya wane ne wannan mai magana kamar ɗan akuya, aka ce ai shi ne. Dariyar da ta kama shi ta girgiza bututun, hoto ya gudu, aka bi shi da zagi har ya natsu.

Can sai ya ga tsohuwa ta baro bencinta ta matso bakin taga, ido ɗaya a kan akwati, ɗaya a kansa.

"Riƙe da kyau, ɗan nan, ni zan gaya maka," in ji ta. "Ga ka nan ka kama garma. Hularka ta karkace. Jan bijimin ya fi ka natsuwa. Yanzu ka ɗago kai, ka yi murmushi. Wallahi Barau sak."

Ba a sake maimaita shirin ba. Haladu ya tsufa yana ba da labarin yadda ya fito a talabijin dalla-dalla, har da karkatar hula. In wani ya ce ai shi bai gani ba, sai ya ce wadda ta gane masa ta riga kowa sanin fuskar.