Saura Kwana Tara, Malam Kalilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, takwas ga Zulƙida 1446, wadda ta zo daidai da shida ga Mayu 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Kalilu magini na Argungu, yana da shekara sittin da ɗaya. Da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a filin da yake zuba kankare, bokitin ruwa na hannunsa, kafin azahar rai ya yi halinsa. Ni kuwa ina Birnin Kebbi a lokacin, a gaban allo, ina koya wa ɗalibai lissafi. Sau biyu wayata ta yi ruri da lambarsa, sau biyu ina kife ta a kan tebur, don fushi nake yi da shi. A karo na uku na ɗauka da shirin faɗa, sai na ji muryar Munzali, abokin aikinsa.

Yau kwana goma sha uku ke nan, Malam Kalilu, kuma ban zauna wuri ɗaya ba. In ina aji hankalina na Argungu, in na je Argungu ina leƙen sama ta gabas. Na ɗauki biro don in yi maka ta'aziyya irin wadda ake yi, a jera halaye na gari a rufe da addu'a, amma abin ya ƙi tsayuwa haka. Sai dai in faɗa yadda ya faru.

Ga wanda bai san ka ba, sai in ce kai ne mutumin da ke ƙera harsashin gida a Argungu ya ɗauke shi a mota ya kai Gulma ko Augie ya harhaɗa. Ƙasarmu ta fadama kowa ya san halinta. Da rani ta dare har ƙafar yaro ta shige, da damina ta kumbura ta ture abin da aka ɗora mata. Kai ka gaji ginin ƙasa wurin mahaifinka, daga baya ka yi shekaru kana aikin kwalbati a hanya, a can ka ga yadda ake zuba kankare a wuri ɗaya a kai shi wani wuri. Da ka dawo gida sai ka ce abin da ya ɗauki babbar mota ba zai kasa ɗaukar ɗaki biyu ba. Ka ƙera akwatunan katako, kana zuba abin da kake kira ƙafafu, masu faɗin gindi, waɗanda ake binnewa a rami bisa tsakuwa, da abin da kake kira gadoji, waɗanda ke kwanciya daga ƙafa zuwa ƙafa. Kowane guntu yana da bakin da yake shiga na kusa da shi, da rodi da ya leƙo, a ɗaure a cike da siminti.

An yi maka dariya da fari. Wasu suka ce Kalilu ya bar gini ya koma ɗinki, yana yanka gida hannu daban wuya daban. Dariyar ba ta tsaya ba sai shekarar da gulbi ya ci gaɓa ya matso gidan wani masunci da ka yi wa aiki. Ka je da mutanenka, aka sauke bulo, aka tone guntayen nan ɗaya bayan ɗaya, aka kai su tudu aka sake shimfiɗawa. Mutumin ya rasa fili, bai rasa tushen gidansa ba. Ban taɓa jin ka ba da labarin nan da bakinka ba, daga wasu na ji shi.

Abin da kowa ya fi saninka da shi kuwa shi ne ban ruwa. In ka zuba kankare sai ka rufe shi da tsofaffin buhuna, ka shayar da shi safe da yamma har kwana ashirin da takwas, ko ɗaya babu ragi. Ko wane ne mai aikin, haka zai jira. Awakin unguwa ma sun san lokacin, suna taruwa a gindin duro, kai kuma sai ka fara zuba musu a kwano kafin ka waiwayi aikinka. Na taɓa tambayarka ko dole ne sai kwanakin nan sun cika, ka dube ni ka ce, "Malam Aminu, siminti ba ya jin magana, ƙishirwa ɗai shika ji." Na yi dariya a lokacin, don ba aikina ba ne a ƙarƙashin buhun.

Sai ambaliyar bara ta kwashe ɗakin mahaifiyata, Inna Baiwa, a Gulma. Na ɗauko ta na kawo ta gidana a Birnin Kebbi, kuma tun ranar ba ta kwance ƙullin kayanta ba. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai kullum da safe ta tambaye ni wace rana ce ga wata. Ta haura tamanin. Na yi mata alkawari cewa damina ba za ta kankama ba sai tana cikin ɗakinta, a filin da ta haife mu. Duk wanda ya san unguwarsu ya san abin da alkawarin nan yake nufi. In ruwa ya sauka sau biyu masu ƙarfi, ramukan da aka haƙa za su cika, hanya ta zama taɓo, mota ba za ta sake shiga ba sai kaka. Kuma ban san ko Inna na da wata kakar a gaba ba.

Ka karɓi aikin tun cikin azumi. Guntu ashirin da takwas ka zuba, suka sha ruwansu suka cika kwanakinsu, aka kai su Gulma aka jibge. Ranar da aka gama haƙa ramuka na kawo Inna ta gani. Ka sa aka ajiye dokin ƙofa a inda zai zauna don ta ga wurin da ƙofarta za ta kasance. Na tuna ta je ta tsaya a wurin da sandarta, kai kana gefenta. Ni ina can gindin bishiyar bedi da waya a kunne, ina ciniki da mai kwanon rufi.

Kwana biyu bayan haka na je na tarar dokin ƙofar babu shi. Ka ce mini bai yi ba, ka fasa shi, ka zuba wani ranar Laraba. Na san ma'anar wannan: sabon kwana ashirin da takwas, har ƙarshen Mayu, ga shi kuma shi ne makullin da ke rufe zagayen gaba ɗaya, ba a tayar da bangon gaba sai da shi. Na haɗiye har ranar Asabar, sannan na same ka a filinka na amayar da abin da ke cikina. Na ce wasa kake yi da ni. Na ce ka mayar da aikin tsohuwa wurin gwajin fasaharka. Na ce akwai magina a Birnin Kebbi da za su zuba fandisho a wuni guda a ɗora bulo washegari. A gaban mutanenka na faɗa, kuma ka girme ni da shekara goma sha biyar. Ba ka ajiye bokitinka ba. Abin da ka ce kawai shi ne, "Ka yi haƙuri, Malam Aminu. In ya cika kwanansa ka gani." Na hau babur ban yi maka sallama ba. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe a duniya.

Bayan sadakar bakwai, ni da Munzali muka koma Gulma mu shimfiɗa ashirin da bakwai ɗin da suka rage. A nan muka gane abin da ka tafi da shi. Munzali ya iya ɗorawa, ya iya gwada tsayi da igiya, ya iya ɗaure rodi, amma shekara ashirin kai ne ke nuna masa wanda za a ɗauko da wanda zai biyo baya. Ba lamba ka rubuta a jikinsu ba, haruffan ajami ne, ka zana da ƙusa tun kankaren na ɗanye. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, wa bai san alu, ba, ta ba? Na sa aka jera su haka. Na ɗaya da na biyu suka zauna daram, na uku ya ƙi. Muka juya shi, muka ɗaga, muka sauke, ƙarti huɗu suna nishi. Wuni biyu muna abu ɗaya. Malamin lissafi guda, da takardun shaidata, na tsaya ina zare ido a gaban duwatsu. Har na aika a kawo guduma a sassaƙe bakin, ina cewa a zuciyata ko da ma ka yi kuskure.

Inna ce ta hana. Ta matsa sai da na zo da ita a wuni na biyu, tana zaune a tabarma tana kallonmu. Ta kira ni ta ce in karanta mata abin da ke jikin wanda ya ƙi shiga, na ce ta. Ta ce in nemo mai jim in gwada. Aka ɗauko shi, ya faɗa wurin kamar an kira shi da suna. Sai ta ce, "Ai Kalilu ɗan malammai na. Ba alu, ba, ta yab bi ba, abajada yab bi. Abajada, hawaza, haɗaya, kalamana. Wai mi anka koya muku ga bokon nan naku?" Jerin haruffa ne na masu hisabi, wanda ta haddace a zauren mahaifinta tun kafin a aurar da ita. Tana zaune tana rerawa, muna ɗauko harafi bayan harafi, kafin la'asar ta kashegari ashirin da bakwai sun kwanta, ba wanda aka taɓa da guduma. Kuskuren nawa ne, Malam Kalilu, kamar yadda aka saba.

Saura harafi na ƙarshe, shin, wato dokin ƙofa. Shekaranjiya na ɗauki hayar mota na nufi Argungu in ɗauko shi, ya cika kwana ko bai cika ba. Na tarar buhunan da ke kansa a jiƙe sharkaf. Ashe maiɗakinka Hauwa'u, tana cikin takaba, tana fitowa ta ƙofar baya safe da yamma ta zuba masa ruwa, tunda filin a jikin gida yake. Da ta ji motsin mota ta yi magana daga bayan zana, ta ce in ɗage buhun in duba tukuna. Na ɗage. Wancan na farko tsayayye ne, sai an ɗaga ƙafa an tsallaka. Wannan kuwa ka faɗaɗa shi, ka yi masa gangara mai sauƙi daga waje zuwa ciki, ka karce samansa layi-layi don kada a zame. Hauwa'u ta ce, "Randa kunka kai Inna, yag ga ba ta iya ɗaga ƙahwa ta tsallake, sai da ya riƙa mata sanda. Shi na yas sa ya hwashe wancan. Nac ce ya hwaɗa maka mana, yac ce a'a, ɗanta na, za ya ji kunya a ce wani yal lura shi bai lura ba."

Na sallami mai mota. Na daɗe a tsugune a wurin. Wata tara Inna na gidana ina ganin tana dafa bango kafin ta haura dakalin ƙofata, ban taɓa kawo komai a raina ba. Kai sau ɗaya ka gani. Ka zaɓi in zage ka a gaban mutanenka da ka bar ni in ji kunya a gabanka. Da na sani ƙeya ce, an faɗa, amma ban san nauyinta ba sai yanzu. Ina jin kunyar da ka ɓoye mini, ina jin ta ninki biyu, kuma babu ƙofar da zan buga in ce ka yafe mini.

Yau kwanan dutsen goma sha tara. Munzali ya ƙwanƙwasa shi da ƙarfe ya ce ya yi ƙwari, zai ɗauka. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Jiya hadari ya haɗu ta gabas har iska ta taso, ya watse bai zubar ba, masu gero kuwa sun riga sun gyara gonaki suna jira. Kowa addu'ar ruwa yake yi, ni kaɗai nake kallon sama ina fatan kada ya sauko, kuma ina neman gafarar Allah a kan haka. In ruwa ya riga mu, alkawarina ga Inna ya tashi sai kaka. Na faɗa mata haka ba tare da ɓoye komai ba, na kuma faɗa mata dalilin gangarar. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce kada wanda ya taɓa shi sai ya cika kwanan da mai shi ya yanka masa. Don haka kullum in an tashi makaranta nakan hau babur zuwa Argungu. Na roƙi Hauwa'u ta bar mini ruwan yamma. Awakin ma sun fara sabawa da ni, ina fara zuba musu a kwano.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Hauwa'u da 'ya'yanta, da Munzali da duk waɗanda suka ci abinci a ƙarƙashin hannun marigayi, da mutanen Argungu da Gulma da Augie da ke kwana a kan tushen da ya shimfiɗa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. In akwai wanda ya ji abin da na faɗa masa ranar Asabar ɗin nan, to ya ji wannan ma: ni ne mai laifi, kuma ina roƙon iyalinsa su yafe mini a madadinsa.

Allah Ya jiƙan Malam Kalilu, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sanyaya shi kamar yadda ya yi ta shayar da abin da aka ba shi amana. Ya Allah, bawanKa ya ga tsohuwa ta kasa tsallake ƙofa, ya sauƙaƙa mata ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ka sauƙaƙa masa shiga taKa ƙofar. Amin.

Saura kwana tara, Malam Kalilu. Zan jira.