Rahoton Alƙahira da Ramukan Kuza

Cikin shekaru talatin da biyar da na yi ina aikin gwamnati, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Litinin a daminar 2005, da Darakta ya aiko a kira ni tun ban ajiye lema ba. A lokacin ina jami'in yaɗa labarai mai mataki na takwas a wata ma'aikatar jiha a nan Jos. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne ke rubutawa, manya su sa hannu.

Daraktanmu, Oga Dauda, dawowarsa ke nan daga taron kwana biyar kan tsara birane a Alƙahira, babban birnin Masar. Ƙa'ida ce duk wanda aka tura waje ya kawo rahoto cikin mako biyu. Na same shi cikin sabuwar jallabiya, ofis ya turnuƙe da turare.

"Malam Sabo, za ka rubuta min rahoton tafiya. Ranar Alhamis zan karanta a gaban Babban Sakatare."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai ka ba ni takardun taron, ka kuma faɗa min abin da ka gani."

Takardun dai ya baro su a otal, wai sun yi wa jaka nauyi. Abin da ya gani kuwa, gari ne babba, akwai jama'a, akwai zafi, akwai wani kogi. Na ce dala fa, manyan gine-ginen nan na fir'aunoni? Ya ce direba ya nuna masa wani abu mai tsini daga nesa, amma suna sauri kada a tashi kasuwa.

"Kai ba ka yi jami'a ba? Je ka nemo sauran."

Wata bakwai ke nan takardar ƙarin girmana na kan teburinsa. Saboda haka na je na nemo sauran.

Kwana biyu na yi tsakanin laburare da shagon intanet, kuma ban ɓoye muku ba, garin ya shiga raina. Na rubuta yadda yake zaune a bakin Nilu, daidai inda kogin ke shirin rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Na rubuta cewa dalar ta girme shi da dubban shekaru, domin shi birnin da ke ɗauke da wannan suna an kafa shi ne shekara dubu da 'yan kai da suka wuce, kusa da wani tsohon gari da rundunar Larabawa ta fara kafawa. Na kawo labarin ganuwarsa da ƙofofinta, da tsoffin majami'un Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da masallatan da hasumiyoyinsu suka cika sama, da zamanin Turkawa, da na Turawan Ingila, har zuwa yau da mutane suka yi masa yawa aka haƙa wa jirgin ƙasa hanya ta ƙarƙashin gari. Shafi goma sha biyu, wanda ya karanta sai ya rantse na sha ruwan Nilu.

Oga Dauda ya duba ya ce ya yi, sai dai babu shawara, kuma rahoton da babu shawara yawon buɗe ido ne. Ya zaro jan biro ya ƙara sakin layi ɗaya: gwamnati ta gaggauta gina jirgin ƙarƙashin ƙasa a Jos, daga unguwar Laranto, ya bi ta Abattoir, ya ɓulla Daɗin Kowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, garin nan fa a kan dutse yake."

"Ramukan kuza da Turawa suka bari fa? Ai an riga an yi mana rabin aikin. Haɗa su kawai za a yi."

Ranar Alhamis ya karanta kamar a can aka yanke masa cibiya. Da ya zo kan ƙofofin ganuwa har ya dakata ya girgiza kai, ya ce sai wanda ya gani. Babban Sakatare ya tambaye shi ko ya shiga jirgin nasu na Alƙahira. Ya ce sau uku. Aka tafa, aka ce a tura fayil ma'aikatar ayyuka don jin ra'ayin injiniyoyi.

Bayan mako uku fayil ya dawo. Babban injiniya ya rubuta layi biyu kacal: ramukan suna wajen gari, cike suke da ruwa, yana neman sanin ko jirgin ƙasa ake nufi ko kwalekwale. Kafin azahar maganar ta zaga sakatariya, har masu sayar da masara a bakin ƙofa suna tambayar ranar da za a fara sayar da tikiti. Kwamishina ya ji, ransa ya ɓaci.

Washegari na tarar da kweri a teburina, wato takardar tuhuma: in bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa na cusa shawarar da ta zubar da mutuncin ma'aikata a rahoton Darakta ba da saninsa ba. Oga Dauda ne ya sa hannu. Kweri irin wannan in ta zauna a fayil ɗin mutum, shi da ƙarin girma sai dai ya gani a wurin wasu. Na zauna na sake karanta ta.

Madam Rifkatu, mai buga mana takardu, wadda ta shekara ashirin a ofishin, ta leƙo ta karanta ta bayan kafaɗata.

"Malam Sabo, kai ma dai. Wannan ne ya sa ka zufa? Zo."

Ta buɗe wata tsohuwar durowa. Duk daftarin da ta taɓa bugawa yana ciki, an ɗaure da roba, shekara-shekara. Ta zaro nawa, ga jan biron Oga Dauda ɓaro-ɓaro, har da zanen layin jirgin da ya yi a gefe.

Ta ce, "Ni ba na jefar da rubutun oga. Oga yana mantuwa, takarda ba ya mantuwa."

Amsar da na bayar layi ɗaya ce, na maƙala hoton shafin a baya, na aika wa Babban Sakatare kwafi kamar yadda doka ta tanada. Ba wanda ya ce min na yi gaskiya. An dai janye kwerin, aka gargaɗe ni da in riƙa ba manya shawara a kan lokaci. Oga Dauda kuwa an mayar da shi wata ma'aikatar, inda aka ba shi shugabancin kwamitin sufuri, tunda ya ga yadda ake yi a waje. Ƙarin girmana ya fito bayan shekara guda.

Rahoton aka cire masa sakin layin ƙarshe, aka yi masa bango mai kyau da sunan Darakta, aka ajiye a rajista a matsayin abin koyi. A 2009 aka kawo min rahoton wani jami'i da ya je kwas Nairobi in duba masa Turanci. Tun shafin farko na gane jimlolina. Sunan garin kawai ya sauya. Ga Nairobi zaune a bakin Nilu, ga dala uku a bayan gari, har an sa hannu an buga hatimi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya ke nan. Wanda ya je bai gani ba, wanda ya rubuta bai je ba, wanda aka kai wa bai karanta ba. In an yaba takarda ta oga ce, in an yi dariya taka ce. Saboda haka ku yi rubutu tsakani da Allah, ku ajiye daftari, kuma kullum da safe ku fara gaida mai buga takardu kafin ku gaida Darakta.