Hannun Aro

Shekarar da na dawo Ƙaraye bayan hidimar ƙasa, aikin da na samu shi ne zama hannun Kawuna. Hannu nake nufi na tsoka da ƙashi. Wata huɗu kafin dawowata, ko biyar, domin ban rubuta ranar ba, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Ƙafa ta warware, baki ya koma daidai, amma hannun dama ya kwanta a kan cinyarsa bai sake tashi ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, kuma yana da shago a bayan tasha. A cikin shagon akwai wani ɗan injin sassaƙa ƙarfe da ya saya tun ban yi wayo ba, daga wata masana'anta da ta rufe a Kano. Injin yana da teburi inda ake ɗaure ƙarfe, da wata 'yar wuƙa mai juyawa wadda Kawu ke kira haƙori. A gefen teburin akwai ɗan wili mai mariƙi, shi kuma sunansa hannu. Idan aka juya hannun, teburi yana matsawa a hankali, haƙori yana cin ƙarfe. Yawancin aikinsa shi ne fafe ɗan ramin da ake yi a jikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, domin fuli, faifan da bel ke hawa, ya zauna kada ya zame. Masu injin niƙa da masu injin ɓarar gyaɗa daga Kafin Dafga har Fulatan a wurinsa suke gyara.

Aikin na mai hannu biyu ne. Hagu tana zuba mai tana share ɓarɓashi, dama tana juya wili. Saboda haka kowace safiya nakan tsaya a damarsa in riƙe mariƙin, shi yana tsaye kusa da ni da gwangwanin mai, ya karkata kai kamar mai sauraron magana ta bayan katanga.

"Tafi, Injiniya," in ji shi. "Sassauta. Sassauta mana, ba rijiya kake ja ba. To, tafi."

Abokan karatuna duk sun watse, wasu Kano, wasu Abuja. Tsofaffin abokan ƙuruciya sun yi aure, hirarsu ta taki ce da kuɗin makarantar yara, in na zauna cikinsu sai su koma gaishe ni kamar baƙo. Waɗannan sa'o'i na shago su ne kaɗai lokacin da wani yake jiran isowata. Ban san haka ba a lokacin, ko kuma na sani ban yarda in duba ba.

Wata rana na tafi Kano jarrabawar neman aiki, na kwana biyu. Da na dawo na tarar da shaf uku jingine a bango, Kawu yana zaune a kan benci. Ya tambaye ni hanya, ya tambayi jarrabawa, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar da suka kira ka, sai in sa kwaɗo a nan." A ranar na ce masa zan sa wa teburin moto, ya riƙa tafiya da kansa, yadda hannu ɗaya zai ishe shi.

Da na faɗa wa Inna, mahaifiyata, cewa ina neman wa Kawu moto, ban lura da yadda ta ji kalmar ba. Kafin mako ya zagayo, mai shayin bakin tasha ya ɗaga mini hannu.

"Injiniya, Allah ya sanya alheri! An ce mota za ka saya wa tsohon. Wace iri ce? Mu dai a ba mu gidan gaba."

Na tsaya na yi masa bayani cewa moto ne na lantarki, wanda bai fi kan jariri ba, mai juya wili. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "To, ai ba a faɗa sai ta iso. Mun gane." Daga nan na daina bayani. Duk inda na bi sai an yi mini fatan alheri a kan abin da babu shi, abin da nake yi ɗin kuwa babu wanda zan tattauna shi da shi. Na aika tambaya a zauren waya na 'yan ajinmu, da zane da lissafi. Mutum biyu suka buɗe. Ɗaya ya sa hoton babban yatsa.

Na yi awo yadda aka koya mini. Na aro sikelin rataye daga wani mai sayen gyaɗa, na maƙala shi a mariƙin, na ja, domin in san ƙarfin da ake bukata kafin wilin ya motsa. Na maimaita sau goma da safe, sau goma da rana, saboda mai yana tsinkewa idan ƙarfe ya ɗumama. Sannan na sa agogon waya na ƙirga juyin da nake yi a minti ɗaya ƙarƙashin umarnin Kawu, a ayyuka goma sha ɗaya. Na tara, na raba. Ya ba ni juyi goma sha biyu a minti. Na ja layi biyu a ƙarƙashin lambar.

Moto uku na sa a gaba. Na farko na keken ɗinki ne, gudunsa ya yi yawa kuma ba shi da ƙarfi, na cire shi tun a takarda. Na biyu na waifar mota ne, wanda ke share ruwa a gilashi. Shi ma na cire shi, domin gudunsa yana raguwa idan ya ji nauyi, ni kuwa abin da nake nema shi ne gudun da ba ya canzawa. Na uku sabo ne, irin mai tafiya taki-taki, da giyarsa a haɗe. Idan ka ce masa sha biyu, sha biyu zai yi ko da me ya tare shi. A cikin irin wannan na zaɓi wanda ƙarfinsa ya ninka abin da na auna sau uku, don tsoron kada ya gaza. Direban motar haya ya kawo mini shi daga Kano a cikin kwali.

Kwana shida na yi ina haɗawa. Ranar gwaji Kawu ya ɗaure shaf ɗin wani manomi daga Fulatan, wanda gyaɗarsa ke jibge tana jiran inji. Muka tayar da janareta. Na danna. Teburi ya kama tafiya sumul, ba gargada, ban taɓa ganin ya yi tafiya mai kyau haka ba. Na dubi Kawu ina jiran ya yi magana. Kansa yana karkace. Sai na ga fuskarsa ta canza, ya ce, "Sassauta." Ya faɗa wa moton ne, ko ni, ban sani ba. Kafin in kai hannu sai muka ji ƙas. Haƙorin ya karye, guntun ya bugi kwanon rufi.

Haƙora biyu gare shi masu wannan kauri. Saura ɗaya.

Bai yi faɗa ba. Ya kashe injin da hagu, ya tsuguna ya nemo guntun, ya sa a aljihu. Sannan ya ce, "Wannan abin naka kurma ne."

Na ce lissafin daidai yake, na duba shi sau uku. Na ɗauko littafin da na yi lissafin a ciki in nuna masa.

"Ban ce ƙarya ka rubuta ba, ɗana. Sha biyun nan, a ina ka gan ta?"

Na ce matsakaicin juyin da muke yi ne.

"Ni ban taɓa yin sha biyu ba," in ji shi. "Wani wuri ashirin, wani wuri uku. Wani wurin ma tsayawa nake in bar shi ya numfasa."

Ya ɗauko shaf ɗin ya nuna mini. Ƙarfen da ake kawo masa ba sabo ba ne. Tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota ne, wanda maƙeri ya gasa a gawayi don ya yi laushi. Inda wuta ta ci sosai ya yi taushi, inda ba ta kai ba yana nan da taurinsa, kuma ido ba ya bambancewa. Kunne ne ke ji, sai hannu ya bi. Jadawalin da na karanta a makaranta an yi shi ne don ƙarfen da yake iri ɗaya daga kai zuwa gindi. Duk "sassauta" da Kawu ya faɗa mini cikin watannin nan tana cikin abin da na ƙirga, amma da na tara na raba sai na shafe ta da hannuna.

Kuskuren bai dame ni kamar yadda hanyar da na bi na yi shi ta dame ni ba, domin a tsanake na yi shi, da layi biyu a ƙarƙashi. Shaf ɗin mutumin Fulatan da hannu muka ƙarasa shi, ina juyawa a hankali saboda haƙori ɗayan da ya rage.

Ranar kasuwar Rogo na hau babur na tafi wurin masu tsofaffin kayan mota. Wani dattijo mai rumfa, hularsa baƙa ƙirin da mai, ya zazzage mini buhu guda na moton waifa. Na zo da batir ɗina da wayoyi. Na riƙa haɗa kowanne, in ya fara juyawa sai in damƙe bakinsa da tsumma in saurara.

"Malam, saya za ka yi ko limancinsu za ka ja?" in ji shi. "Ga wannan, na tirela ne, ko jaki ka ɗaura masa sai ya ja."

Na ce mai ƙarfi ba shi nake nema ba. Ina son wanda in ya ji nauyi zai rage gudu ya yi kuka.

Ya dube ni, ya dubi maƙwabcinsa. "Ka ji ɗan boko. Kowa rago yake gudu, shi rago ya zo saya." Suka yi dariya, ni ma na yi, kuma ina jin ita ce dariyar farko da na yi tare da wani a wannan watan. Na ɗauki wani ƙarami na tsohuwar motar gida, wanda muryarsa ke yin kauri tun kafin in matse shi sosai.

A wannan karon ban haɗa shi da giya ba. Na sa ƙaramin fuli a bakinsa, babba a jikin wilin, na haɗa su da zagayayyen bel na keken ɗinki, na bar shi sako-sako yadda zai zame idan tura ta yi yawa. Na sa ɗan akwatin rage gudu mai abin murɗawa kamar na rediyo, na kafa shi a hagu, dab da inda gwangwanin mai yake zama. Wannan wurin sai da na auna shi da tsawon hannun Kawu yana tsaye, sau biyu.

Da safe muka gwada, a kan shaf ɗin wani injin niƙa daga Yola ta nan Ƙaraye. Na ce wa Kawu shi zai kunna. Ya yi bisimilla ya murɗa. Teburi ya tafi, ba sumul kamar na farko ba, yana ɗan rawa. Wajen tsakiyar ramin muryar moton ta yi kauri, gudunsa ya ragu da kansa, bel ya ɗan yi ƙara. Yatsun Kawu suna kan abin murɗawa tun kafin haka. Ya rage, ya zuba mai, ya jira, ya ƙara. Ni ina tsaye a damarsa inda na saba, hannuwana a baya don kada su kai wa wilin. Haƙorin ya fita ta ɗaya ƙarshen lafiya.

Na sa ma'auni a ramin. Faɗinsa daidai, zurfinsa ya haura da abin da bai kai kaurin gashi ba. Na faɗa masa haka, domin gaskiya ce.

"Gashin wa?" in ji shi. Ya shafa ramin da babban yatsa, ya yi murmushi irin wanda ban gani ba tun dawowata. "Wannan yana ji. Ba kamar kai ba, sau ɗaya ake faɗa masa."

Ya kwance shaf ɗin da kansa, ya danne sifana da gwiwa, ya ɗaura wani. Na matsa in taimaka, ya ce in bari ya gani ko zai iya. Ya iya. Ya yi na biyu, ya yi na uku.

Washegari na zo a lokacin da na saba. Tun daga bakin tasha na jiyo janareta. Na yi sallama, ya amsa bai juyo ba, kansa a karkace. Na tsaya a damarsa na ɗan lokaci. Da ya gama ramin ya dube ni da fara'a, ya ce, "Injiniya, Allah ya yi maka albarka. Je ka huta, ka ji da takardunka. In wani abu ya lalace zan aiko."

Na ce to. Na fito na bi ta gaban mai shayi, ya tambaye ni ko motar ta iso. Na ce ta iso jiya, tana wurin Kawu.

Babu abin da ya lalace a wannan makon, ko na bayansa. Nakan zauna a zauren gidanmu da waya a hannu ina duba ko an kira ni daga Kano. Idan iska ta juyo daga wajen tasha ina iya jin injin, sama-sama, yana tafiya yana sassautawa.