Inno, Wa Zai Ɗaure Hannun Rahamatu?

Ranar Laraba, sha biyu ga Maris, 1947, ina tashar Agege muna loda goro a jirgin Kano aka zo aka ce mini Inno, maƙwabciyata, ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inno, ba ki haɗa jini da ni ba. Amma da matata ta rasu ta bar mini Rahamatu tana shekara biyu, kirci ya cinye mata wuya da bayan gwiwa, ke kika ɗaga labule kika shigo ba a kira ki ba. Da rana yarinyar takan daure. In ta yi barci sai ta sosa har jini, gari ya waye zanen gado ya manne da miki.

Ke kike yanke mata farce duk Juma'a, ki shafe ta da man kaɗanya bayan isha'i. Kika yaga tsohon zanenki, wanda wanki ya tausasa, kika ɗinka 'yan jakunkuna biyu, ki sa mata a hannu ki ɗaure a wuyan hannu. Shekara uku ba ki yi fashi ba. Fatar ta lafa.

Sau ɗaya na karɓa na ɗaure, kika ture ni kina dariya: "Hamidu, hannun yarinya ne fa, ba huhun goro ba." Na yi dariya, na bar miki. Ban koya ba, kuma wannan shi ke ci mini rai yau.

Kwana tara ke nan ina gwadawa. Hannuna ya saba da jan igiya har ta yi ƙara. In na ɗaure da ƙarfi, yatsunta su kumbura ta tashi da kuka. In na sassauta, ta fizge cikin barci. Mikin wuyan ya sake buɗewa. Jiya ta miƙo mini hannuwa ta ce, "Baba, yi irin na Inno."

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Shitu da Sa'adiya, 'ya'yan Inno, Allah ya ba ku haƙurin rashin uwa. Ina roƙonku, in akwai wadda ta taɓa lura da yadda take ɗaurin nan, ku turo mini ita kafin isha'i.