Takardun Addu'ar da Yaya Istifanus Ya Dawo da Su

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Istifanus, kuma ina jin har yau ban sauke abin da ya bar mini ba. Na sha ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ko yanzu ma ba ni da tabbacin cewa rubutawar ce daidai.

Yaya ya gama makarantar tauhidi, saura 'yan watanni a naɗa shi Rabaran, sai dattawan ikkilisiyarmu da ke unguwar Television a Kaduna suka ga ya kamata ya je ziyarar ƙasa mai tsarki tukuna. Cewa suka yi wanda zai yi wa'azin Galili da Gatsemani, gara ya taka wuraren da ƙafarsa. Ran Lahadin sallama, mutane suka yi ta kawo masa 'yan takardu a ninke, kowa da roƙonsa, don ya cusa a tsagar bangon nan na Urushalima inda masu ziyara kan sa addu'o'insu. Mama Saratu, wata gwauruwa mai tuyar ƙosai, ni ta sa na rubuta mata tata, don ba ta karatu. Ɗanta Bitrus ya tafi kudu neman aiki, shekara biyu ba labarinsa.

Ranar da ayarinsu ya je bangon, Yaya na kwance a masauki da zazzaɓi, farkon ciwon da ya zama ajalinsa. Ya ji nauyin miƙa wa wani amanar mutane, yana zaton gobe zai samu zuwa. Washegari sai filin jirgi. Haka takardun suka dawo Kaduna cikin jakarsa.

'Yan zumuntar matan ikkilisiya suka tarye shi da waƙa da guɗa. Mama Saratu ta kutsa ta kama hannunsa.

"Ɗana, ka sa tawa?"

Ya ce, "Mama, Allah ya ji."

"To madalla! Yau zan yi barci."

Wataƙila wani zai ce bai yi ƙarya ba. Shi dai bai taɓa yi wa kansa wannan sassauci ba. A gadon asibiti ya miƙo mini takardun, ya ce, "Dauda, yaya za a ɗora hannu a kan wanda ya fara kiwon tumaki da kauce-kauce? Ran naɗin, kafin in durƙusa, zan gaya musu." Na ce, "Yaya, ka warke tukuna." Bai kai ranar ba.

Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana, kuma na wani ya fi nauyi. Takardun na nan cikin akwatina a gidana da ke unguwar Kamazou. Na yi tunanin bai wa masu ziyarar bana ko na baɗi su kai, amma a ganina hakan rufa-rufa ne, shi kuwa faɗa ya so yi. In mayar wa masu su, yawancinsu ba suna, sai na buɗe na karanta asirin mutane, ga shi wasu ma sun rasu. Ƙonawa kuwa, hannuna ya ƙi. Na yi digiri, a ofis ana yaba mini da bin ƙa'ida, amma wannan gaba kura ce, baya siyaki.

Yau ta waya ake tura roƙo, mai ziyara ya ɗauki hoton hannunsa a jikin bango ya turo shaida. Me Yaya zai ce da ya gani? Ina kyautata zaton murmushi zai yi, ya tuna mana cewa Ubangiji ba ya jiran bango kafin ya ji bawansa. Ya san haka sarai. Abin da ya ci masa rai shi ne fuskar tsohuwar da ta gaskata shi.

Mama Saratu ta tsufa, ta bar tuya, Bitrus kuma bai dawo ba. Duk Lahadi bayan sujada sai ta tare ni: "Dauda, tawa tana can cikin bango, ko ruwan sama ba ya taɓa ta. Bitrus na hanya." Ni kuma in ce, "Amin, Mama," in sunkuyar da kai.

Yaya bai sa rigar Rabaran ba, bai yi wa kowa baftisma ba. Idan akwai abin da ya rage nasa, ina jin wannan zuciya ce da ta kasa haɗiye ƙaramin kauce guda. Yau na faɗi abin da ya so faɗa, a makare, kuma ba a gaban bagadi ba. Mama ba ta karatu, amma jikokinta suna yi, suna iya karanta mata wannan rubutu. Ban sani ba ko nauyin yayana na sauke, ko kuwa sandar tsohuwa na fizge. Jibi Lahadi, kuma zan je.