Zuwa Jos Saboda Ƙafar Sabi'u

Talata: Kano zuwa Jos

Ana kiran assalatu na bar gida, Inna tana zaune a kan darduma tana jan carbi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Hajara, ki gano mini ɗana da idonki. Na gaji da lafiya lau ta waya." Ɗan nata shi ne ƙanena Sabi'u, tela ne a Jos inda aka haife mu, kuma makonni ke nan yana kwance a asibiti. Yatsun ƙafarsa ta dama sun yi baƙi, ga shi da ƙafar yake taka keken ɗinkin da yake ciyar da mace da 'ya'ya huɗu.

A tasha aka cusa mu cikin wata mota da ta ga jiya ta ga yau, mu huɗu a kujerar mutum uku. Ko Kwanar Dangora ba mu kai ba direba ya zaro sigari ya kunna. Na ce, "Malam direba, da mai goyo a motar nan fa."

Ya ce, "Hajiya, ita ke hana ni gyangyaɗi. Ki zaɓa, hayaƙi ko rami?"

Mota ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don wanda zan je gani ma da irin wannan maganar ya fara.

Daga Tudun Wada zuwa dajin Falgore na daina lissafin shingayen 'yan sanda. Kowanne sai an tsaya, an leƙo, an tambayi direba abin da ya kawo wa yara. A Saminaka muka ci masa da miyar taushe, miyar ta fi kama da ruwan wanke tukunya. Muna wuce Jengre sanyi ya fara shigowa ta tagar da ba ta rufuwa. Bayan azahar muka sauka a Farin Gada, cikin buhunan kabeji da karas da ihun masu lodi.

Rabi matar Sabi'u ce ta tare ni. Ta rame har na kusa wuce ta. Na tambaye ta jikin maigidan, ta ce da sauƙi, idonta a ƙasa. Na kwana a ɗakinta bayan ta ba ni gwaten acca mai zafi, shi ne abin kirki na farko da na gani tun safe.

Laraba: ɗakin masu bincike

Da hantsi muka hau keke-napep zuwa asibiti. Sabi'u yana ganina ya washe baki, wai "Yaya, ai da ba ki wahalar da kanki ba." Na ɗaga mayafin da ya rufe ƙafar. Yatsu uku sun bushe sun yi baƙi kamar gawayi, warin kuma ba sai na faɗa ba. Na ce, "Wannan ce lafiya lau ɗin da kake aika wa Inna?"

Ya rantse mini cewa tun watan azumi bai sa sigari a baki ba. A gaban liman ya dafa Alƙur'ani, kuma kowa a unguwa shaida ne. Na yarda da shi, don Sabi'u yana da taurin kai amma ba ya rantsuwar ƙarya.

Can sai ga wata likita, Dakta Chinyere, wadda ke cikin masu binciken abin da taba ke yi wa jikin mutum. Sabi'u yana cikin marasa lafiyar da suka yarda a riƙa auna su. A unguwar Kabong ta nan Jos aka haife ta, uwarta tana da shagon kayan masarufi, Hausarta kuma irin ta Jos ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta ce mini, "Anti, kai ne babban yayansa? Zo ka ji da kunnenka."

Aka tura shi a keken marasa lafiya zuwa wani ƙaramin ɗaki. Ta shafa masa wani mai a idon sawun hagu, ta ɗora wata 'yar na'ura, sai ga ƙara tana fitowa, fuu, fuu, fuu. Ta ce wannan jini ne yake wucewa. Ta mayar da na'urar ƙafar dama, ta matsa nan, ta matsa can. Ba mu ji komai ba sai ƙugin fanka.

Ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma zan faɗa muku yadda na gane shi. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari, nikotin, wanda da ya shiga jini sai ya tsuke jijiyoyin da jini ke bi. Wasu mutane, irin Sabi'u, taba tana sa ƙananan jijiyoyin ƙafarsu su kumbura su toshe, naman da jini bai kai masa ba kuwa sai ya mutu. Maganin da ya fi kowanne shi ne a rabu da taba kwata-kwata. Ta ce ranar Litinin likitocin tiyata za su yanke shawarar inda za a yanka, ko yatsu kaɗai, ko sama da haka.

Sannan ta ce, "Amma akwai abin da ya dame ni. Jiki yana narka nikotin, ya fitar da sauransa a fitsari, mu kuma muna aunawa. Mutumin da ya daina tun azumi, ya kamata fitsarinsa ya wanke tuntuni. Na oga Sabi'u bai wanke ba. Kowane mako muna gani."

Na juya na dube shi. Ya ce, "Wallahi Yaya ban sha ba." Rabi tana jikin bango tana murza bakin mayafinta.

Alhamis: 'yan dubiya

Bayan la'asar aka buɗe ƙofa ga 'yan dubiya. Teloli suka shigo, sai maƙwabta, sai wani Emeka mai sayar masa da zare, ya kawo ayaba. A ƙarshe Baba Ilu ya shigo yana dogara sanda, kowa ya miƙe. Baba Ilu aminin mahaifinmu ne. Da mahaifin namu ya rasu shi ya ɗauki Sabi'u ya koya masa ɗinki, shi ya karɓa masa auren Rabi. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi.

Kun san yadda muke yi a dubiya. In mutum zai tafi sai ya kama hannun mara lafiya, ya daɗe yana addu'a, ya saka masa ɗan abu a tafi, shi kuma ya tura ƙarƙashin filo. Sauran mutane sai su kau da kai, don ba a kallon alherin wani. Ni ma kau da kai na saba yi. Ranar dai shaiɗanin da ke kaina bai bar ni ba, na duba, na ga abin da ya wuce daga hannu zuwa hannu ƙullin leda ne baƙi.

Na sa hannu ƙarƙashin filo na zaro shi a gaban kowa. Garin taba ne da kanwa, irin wanda tsofaffi ke cusawa tsakanin leɓe da dasashi.

Baba Ilu ya ce, "Ke Hajara, lafiyarki?"

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ko kunya bai ji ba, don a ganinsa bai yi abin kunya ba. Ya ce, "Taimakonsa nake yi. Yaron nan ya dafa Alƙur'ani. Na same shi yana karkarwa, ba barci, ba cin abinci, yana neman karya rantsuwa. In bar shi ya hallaka kansa a wurin Allah? Hayaƙi ne cuta, wannan kuwa ganye ne, ba wuta ba hayaƙi. Ni tun ana haƙar kuza nake cin sa, ga ni da ƙafafuna."

Idona ya rufe. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban sa'an ubana ba, na ji bakina yana cewa, "Ƙafafunka naka ne, Baba! Tasa ce take ruɓewa! Likita tana can tana neman inda dafin ke shiga, ashe a aljihunka yake zuwa kullum da sallama da addu'a!" Teloli suka hau ba ni haƙuri, wani ya ce in ji tsoron Allah, dattijo ne. Na ce dattijon ya zo ya saurari na'urar da na saurara.

Sai na juya kan Rabi. "Ke kuma kin sani?" Ta fashe da kuka. Ta ce, "Yaya, na sani. To in ce me? In tona asirin Baba a gaban likita? Shi ya karɓi aurena." Haushinta ya kama ni, haushin kaina ma ya kama ni, don na san da ni ce a matsayinta wataƙila shirun zan yi. Kunyar nan tamu da muke taƙama da ita, ranar na tsane ta.

Dakta Chinyere ta ji hayaniya ta shigo. Ta karɓi ledar, ta sansana, ta dafe kai. Ta ce, "Baba, jijiya ba ya tambaya ko ta hayaƙi ya shigo ko ta baki. Dasashi yana tsotse shi kai tsaye zuwa jini." Ta ƙara da cewa laifin har da nasu, don sigari suka yi ta tambayarsa, ba wanda ya ce ya buɗe baki a duba. Baba Ilu ya cire hularsa ya zauna a bakin gado, ya ce, "Garin neman gira ke nan." Bai ƙarasa ba.

Litinin: tiyata

Kwanakin da suka rage a bakin gadon na tare, ina binciken duk hannun da aka miƙo kamar ɗan sandan Falgore. Mutane suka yi ta gulmata a unguwa, wai 'yar Kano ta zo da rashin kunya. Ban damu ba. Sabi'u kuwa ya zama wani mutum daban, gumi, masifa, ciwon kai, har ya jefe ni da kofi. Likitar ta ce in yi haƙuri, nikotin yana sauya yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, sai ta koma ba ta samun natsuwa in babu shi. Ta haɗa shi da masu taimakon waɗanda ke son dainawa.

Duk wannan ihu ne bayan hari. Baƙin yatsun ya riga ya haura sawu. Da safe suka shiga da shi, kafin azahar suka fito da shi, an yanke ƙasa da gwiwa. Baba Ilu yana zaune a kan benci a waje tun asuba, ba wanda ya kula shi, shi ma bai nemi a kula shi ba.

Da yamma Dakta Chinyere ta sake ɗora na'urar a ƙafar hagu, ƙarar ta fito amma ba ƙarfi. Ta ce, "Wannan yana da rai. In ya bari, zai zauna. In bai bari ba, hanyar ɗan'uwansa zai bi."

Laraba: komawa gida

Na biya asibiti da jakata kafin in wuce tasha. Na sunkuya zan yi masa sallama, sai warin taba ya doki hancina. Na kama haɓarsa na ja leɓensa ƙasa, ga shi nan baƙi a jikin dasashi. Ba Baba Ilu ba ne wannan karon. Wani mai jinya a gadon kusa Sabi'u ya roƙa, shi ma ya ba shi don tausayi.

Na ɗaga hannu zan mare shi, ƙato mai 'ya'ya huɗu. Bai kare fuskarsa ba. Hawaye ne kawai ke bin kuncinsa, ya ce, "Yaya, ki mare ni. Wallahi ina kallon inda ƙafata take da, kuma duk da haka ina son tabar. Ban san yadda zan yi ba."

Hannuna ya sauka da kansa. Na kwashe abin da yatsana, na wanke masa baki, na kira Rabi na ce daga yau ko limamin Jos ne ya miƙo hannu ta buɗe ta gani. Ta ce to, kuma wannan karon ta dube ni cikin ido.

Hanyar dawowa ban san yadda ta wuce ba. Saminaka, Falgore, Kwanar Dangora, har muka shigo Kano ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa likitar da ta faɗa mana gaskiya ba ta tauna ba, da Rabi da ta ciyar da ni cikin halin da take ciki. Masu sayar da abin nan a kowace kwana kuwa, ni da su sai a gaban Allah.

Inna tana bakin ƙofa, ko jaka ba ta bari na ajiye ba. Ta ce, "Kin gan shi? Yaya ƙafar?"

Na ce, "An yanke ɗaya, Inna."

Ta dafa bango. "Ɗayar fa?"

Na ce, "Da na baro shi tana nan."